Asuba a Bakin Tafkin Villarrica

Ƙarfe huɗu Rayén ta iso,
dutse mai aman wuta na tari cikin duhu.
Ta rataye keke, ta latsa taya,
ta ƙara iska kaɗan.

Kan tawul, takalmi baki buɗe, ayaba ɗaya,
hular kwano a rigingine.
Alƙaliya ta ce: ɗaure hula kafin ki taɓa keke,
kada ki laɓe bayan wani kina satar iska.

Mahaifinta Eleodoro ya rubuta mata lamba a damtse,
hannu na rawa, bakwai ta koma ƙugiya.
"Iyo, keke, gudu," in ji shi,
"ni ko ɗaya ban iya ba."

Ruwa ya ciji ƙafarta.
Ta tofa yawu a tabarau, ta goge,
kunne na jiran ƙaho.