Dalma da Ƙwarya

Shagona na bakin titi a Fagge,
tsakanin mai faci da mai fura,
faɗinsa taku uku.
Rediyo nake gyarawa, da fanka,
da duk abin da wuta ta yi wa rauni.
Ƙaurin dalma ya zauna a rigata
har mai ɗakina ta gaji da mita.

Nazifi ne ya fara zuwa,
ɗan Tanimu mai gurmi na Gwammaja,
jar jita rataye a kafaɗa,
da akwatin sifika na gwanjo daga Sabon Gari,
wai tana tari.
Na buɗe cikinta, na ƙona yatsa, na haɗa.
Ya ja waya ɗaya tak.
Tantabarun rufin masallaci suka watse,
mai fura ta dafe ƙirji:
"A'uzubillahi, taransifoma ce ta fashe?"
Yaron ya yi dariya har da hawaye.
Ya ce, "Baba Ila, haka kaina yake ƙara
in na kwanta da dare."

Labari ya riga shi isa gida.
Tanimu ya ce wannan faɗan karnuka ne a cikin garwa.
Kiɗa, in ji shi, sai ya san sunan kakanka,
ya san wanda ya haƙa rijiyar unguwarku,
ya sa mahauci ya ajiye wuƙa ya miƙe.
"Naka fa, wa yake kira?"
Nazifi ya ce, "Waɗanda ba a taɓa wasa su ba,
'yan adaidaita, 'yan cajin waya,
masu digiri a jakar leda."
Wata huɗu ba su sa hannu a kwano ɗaya ba.

Biki kuwa ya rage neman gurmi.
In an kira tsohon, tabarma ce a gefe,
janareta na markaɗe masa murya,
ya kai rabin waƙa ba wanda ya waiwayo.

Wata Laraba bayan la'asar, ana yayyafi,
sai ga shi da ƙunshi a hammata.
Ya dubi hagu, ya dubi dama,
ya zauna a kan mataccen talabijin.
Ya kwance.
Ƙwarya ta yi baƙi da gumin shekaru,
fata ta sha hannu har tana ƙyalli.
Na taɓa tsirkiya, na ce,
"Wannan ai wayar birkin keke ce."

Ya daɗe yana kallon ruwa.
"Ni na sa, shekarar da aka canza kuɗi.
Da can jijiya ce.
Kwana bakwai babana bai amsa gaisuwata ba,
wai na yi wa gurmi haƙorin ƙarfe."

Ya gyara hula.
"Abin nan na jikin katakon yaron,
mai ɗaukar sauti ya kai wa akwati,
zai zauna a ƙwarya?"
Na ce zai zauna, amma sai na huda ta.
Ya rungume ta kamar za a yi wa jika kaciya.
"Ƙaramar huda. Ta ƙasa, inda ba a gani."

Na huda. Na ɗiga dalma.
Ba sifikar gwaji a shagon
sai ta Nazifi, da ta dawo da tarinta jiya.
Na jona.
Ya taɓa tsirkiya da farce,
gurmi ya yi gyaran murya kamar hadari a bayan Dala.
Tsohon ya zabura.
"Rage!"
Na rage.
Ya saurara, kai a karkace.
"Ƙara kaɗan."

Ya kaɗa taken mahauta har ƙarshe,
mai faci ya bar taya a cikin ruwa.
Da zai tafi ya ce, "Kada ka gaya masa."

Ban gaya masa ba.
Shi ma tsohon ban gaya masa
wanda ya zo karɓar akwatinsa
ya tsaya bayan rumfar mai faci, rigarsa sharkaf,
yatsunsa na bin kiɗan a kan cinyarsa,
ya juya kafin a gama.

Akwatin na nan ƙarƙashin tebur.
Na gyara shi tuni.
Ba wanda ya zo ɗauka.