Bayan An Watse

Ni nake shiga idan kowa ya fita.
Shekara tara ina sharar zauren nan,
na san kowane kamfani da irin dattinsa
yadda maharbi ke sanin nama da sawu.

Bara masu sayar da taki suka yi taron shekara.
Injin wuta ya wuni yana tari,
a ciki sanyi har baƙi na neman mayafi,
a waje mai gadi na haɗiyar hayaƙi.
Aka yi jawabi kan ƙasa da albarkarta,
aka tafa, aka ɗauki hoto, aka tashi.
Na ƙirga gadon da suka bar mini:
buhu goma sha ɗaya, roba da leda,
shinkafar da za ta ishi layinmu a Bagalam
ta yi tsami a farantan yarwa,
da ƙyalle mai faɗin bango ɗauke da kwanan wata,
wanda ya mutu tun kafin magariba.

Kafin amalanke ya iso, iska ta ɗebi rabonta.
Wata leda ta rataye a ƙaya,
wata ta bi kwata ta nufi Gulbi,
wata kuma jar akuyata ta tsinta.
Sati biyu tana ramewa da cikakken ciki.
Da muka yanka, Nomau ya zaro daga tumbinta
dunƙule guda kamar gammo,
tambarin kamfanin ko kwailewa bai yi ba.

Na wanke shi, na shanya, na kai ofis,
na aje a teburin Madam Habsu mai shirya taro.
Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Illa, nawa ce akuyar?"
Na ce ba kuɗi ya kawo ni ba.
Da ta matsa, da na karɓa.

Bana sai ga ni ana kira tun kafin taro,
ni da ba a tuna ni sai an watse.
Aka fito da kujeru ƙarƙashin bedi,
aka fara tun rana ba ta yi haƙora ba.
Randuna shida a jere, jiƙaƙƙen buhu a wuyansu,
kofunan silba a kan faifai.
Ta ƙirga baki kafin a ɗora tukunya:
dambu, zogale daga Jiratawa, ƙuli-ƙuli,
matan Tarna suka kawo a kwanonin gidansu
suka jira kayansu suka koma da su.
Jadawalin a allo, da alli.
Injin ya yi barci ranar, har muka ji kurciya.

Kada in yi ƙarya, ba kowa ya ji daɗi ba.
Alhaji Labo ya share gumi da bakin rawani
ya ce an mai da kamfani taron suna.
Baƙon Yamai ya leƙa randa ya maida murfi,
ya wuni da ƙishinsa.
Kofi bakwai sun bi mutane gida.
Sabi'u, da ke kawo ruwan leda a baro,
ya tsaya bakin ƙofa bai sayar da ko ɗaya ba,
har yau in na gaishe shi da ka yake amsawa.
Dashen mangwaron da aka raba wa baƙi
shi ma a baƙar leda ya zo.
Na gani. Na yi shiru.

Da aka watse na ɗauki tsintsiya.
Rabin kwando: ɓawon gyaɗa, ganye, sauran dambu.
Na kai wa ƴar da akuyar ta bari,
ta cinye, ta lashe mini hannu.

Ban taɓa gamawa kafin la'asar ba sai ran nan.
Na zauna a dakali, tsintsiya kan cinya,
ina murna, ina kuma lissafi:
in shara ta ƙare a garin nan,
wa zai nemi mai shara?
Sai iska ta taso daga wajen kasuwa
ta aje mini leda uku a gaban ƙafa.