Mil Sha Biyu

Kakana Jatau ne ke masa fenti.
Duk shekara in ruwa ya ɗauke
sai ya ɗaure gwangwani biyu a keke,
fari na jiki, baƙi na lamba,
ya bi titin Zariya dutse bayan dutse
kamar mai zagayen gaida dangi.

Bai yi boko ba, amma ya san
mai wuyan agwagwa ita ce biyu,
mai ƙugun zanzaro ita ce takwas.
Fuska guda KADUNA 12,
ɗaya fuskar ZARIA 38,
hannunsa bai taɓa zarcewa ba.

Nan ake sauke ɗan ƙauyenmu:
"Direba, mil sha biyu akwai!"
Nan Kande ke jingina tiren rogo.
Nan muka rako yayana zai tafi soja,
ya ɗora ƙafa a kai ya ɗaure takalmi.

Sai aka zo faɗaɗa hanya.
Katafila ba ta karatu.

Shekara huɗu ina cigiya.
A Rigacikun na same shi,
rub da ciki a kan kwata,
mai faci ya yi gada da shi.
Baƙin mai ya cinye rabin Kaduna,
takwas ta guntule daga ƙugu.

Na je ofishin kayan tarihi.
Malama Asabe ta ba ni kujera,
ta saurare ni har na kai aya,
sannan ta ce, "Yana da fayil?"
Na ce, dutse ne fa.
Ta ce ta sani. Ganuwa ma ƙasa ce,
amma da takarda ake tsare ta.
"Rubuto mana, ka haɗo da hoto."
Na rubuta. An ce ana dubawa.

Mai faci ya ce dubu uku,
da katakon da zai maye gurbi.
Ban taya ba. Muka sa shi a baro,
daga baro zuwa bayan a-kori-kura.

Yanzu yana gindin lemo a gidana,
Hayin Banki, na wanke shi tas.
Sai dai kullum in na fito alwala
yana kallona yana shara ƙarya:
wai saura mil sha biyu Kaduna,
alhali a cikinta yake tsaye.
Ashe gaskiyar dutsen hanya
rabi a jikinsa take,
rabi a ramin da aka kafa shi.

Ramin yau yana tsakiyar kwalta,
tirela ke bi ta kansa dare da rana.
Amma na auna: taku ashirin gefe
akwai ɗan tudu kusa da ɗorawa.
Kuskuren taku ashirin a mil sha biyu
ko Jatau zai kau da kai.
Wurin nan kaɗai nake roƙo.

Jiya a mota wani yaron kwandasta,
wanda bai taɓa ganin dutsen ba,
ya buga ƙofa: "Mil sha biyu, da mai sauka?"

Na sauka, ko da ba nan za ni ba.
Da na dawo gari na sayi fenti.