Juyen Mai a Kutaisi

Littafin motar ya ce kilomita dubu goma sha biyar.
Wanda ya rubuta shi bai taɓa hawa tsaunukan Racha ba
da kwanduna tara na inabi a but,
da gwaggo Lamara a gaba tana faɗa da ramukan hanya.

Bakanike Otar ya ce dubu biyar,
yana magana yana satar kallon galan-galan da ke kantarsa.
Mai sayar da gishiri ba ya cewa miya ta ji.

Babana kuwa, da yana raye,
sai ya zaro sandar awo, ya shafa a yatsa,
ya murza, ya sunsuna,
ya ce, "Da saura," ko ya ce, "Gobe."

Yau da sanyin safiya na ɗaga bonet,
na zaro, na murza yadda na gani.
Baƙi ne, to baƙi wane iri?
Yatsuna sun yi shiru har shayina ya huce.

Ina neman tsumma a aljihun motar
na tarar da ɗan littafinsa:
ranaku, lambobi, kowane juye dubu bakwai cif.

Ashe murzar don mu ce, mu yara.

Na kira 'yata Tekla ta zo ta gani,
na sake zaro sandar.