Kuɗin Iska

Ranar kasuwar Jega Arzika ya dawo da kwali,
ɗan mitsitsi, bai kai na sabulun wanki ba,
an zana harshen wuta a gefe da damisa tana tsalle.
Dubu goma sha huɗu, bayan an sha ciniki.
Mai kayan ya dafa ƙirji ya ce masa:
"Ɗaura wa motarka, ka ga yadda ƙarfe ke keta iska."

Ni ne yaron motar, ni na riƙe sukundireba.
A garejin Labbo muka buɗe, gindin dogonyaro.
Baƙar roba ce mai fiffike bakwai,
jar waya, baƙar waya, da maɓalli irin na tocila.
Labbo ya ɗora ta a tafin hannu,
ya hura da baki sau ɗaya, ta yi juyi uku.
Ya ce, "Wagga aba, Arzika, sunanta fanka.

Inji ba fifita yake so ba, ɗura yake so.
A matse iska a cusa masa
kamar yadda ake danna auduga a buhu da ƙafa.
Wannan aikin majiya ƙarfi ne,
batirinka da ke tari da asuba ba zai iya ba.
Ka sa ta a maƙogwaron mota, ƙashi ka saka."

Arzika ya yi dariya. "Tsoho, zamani ya bar ka a tasha."
Labbo bai ƙara ba.
Ya ɗaure ta da kilif biyu, ya karɓi ɗari biyar,
ya koma ƙarƙashin wata akori-kurar da aka faka.

Ai kuwa ta yi kuka!
Wani siririn fito kamar sauro ya samu lasifika.
Maigidana ya gyara hula, ya kafa gwiwar hannu a taga,
ya rantse kujera na tura shi a baya.
Ni ban ji komai ba sai warin albasa,
amma yaron mota ba ya musu da mai taka.

Ran Laraba muka yi lodi a Aliero, buhu takwas.
Na ce, "Oga, mu gwada mana."
Daga kwalbati zuwa tsamiyar nan mai rassa biyu,
agogon waya a hannuna.
Da fanka: daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Aka kashe ta: arba'in cif.
Ya ce babban yatsana ne ke da nawa.
Muka sake. Muka kuma sakewa,
har wani mai jaki ya tsaya yana kallonmu,
mai ya ragu, lissafi yana nan haka.

Sati bai cika ba, fiffike guda ya karye.
Allah ya taƙaita, ya maƙale a bakin bututu,
saura ƙiris inji ya haɗiye shi.
Labbo ya zaro shi da filaya, ya ajiye masa a hannu
kamar wanzami ya cire haƙori.
Sai ya buɗe matatar iska:
ɓawon albasa, ƙasa, har da gashin kaza.
Ya kakkaɓe, ya sauya fulogi huɗu.
Daga kwalbati zuwa tsamiya, talatin da bakwai.
Dubu uku ke nan duka.

Yanzu fankar tana wurin Nomau mai shayi,
ya haɗa ta da tsohon batirin babur,
ya kafa ta a bakin murhu.
Fiffike shida, amma garwashi ja wur,
ruwa na tafasa kafin ka yanka burodi.
Arzika kan zauna can ƙarshen benci,
ya kurɓa, ya dubi wutar,
ya ce, "Ban faɗa muku tana aiki ba?"
Nomau ya ce, "Tana yi. Kawo kofinka."