Zoɓon Shekarar Modi

Gwaggo Tumba ba ta sauke buhun nan
don ɗan wucewa ko mai ƙishin rana.
Yana rataye jikin azara a ƙuryar ɗaki,
bakinsa ɗaure da igiyar rama,
damina huɗu ke nan.

Ran da na iso Gidan Igwai,
bazara ta dafa gari har inuwa na gumi,
ta dube ni tun daga hula har takalmi,
ta ce, "Kai wanga, ka rame."
Sannan ta ɗauko turmi, ta kife, ta hau.

Tafi biyu ta ɗiba, ba ta ƙara ba.
Furannin sun ƙanƙance, sun yi baƙi
kamar kunnen tsohuwar jaka.
Ta zuba a tukunyar ƙasa,
ta ƙi barin ruwan ya tafasa da hauka,
ta ce abin da ya daɗe yana barci
ba a tashinsa da tsawa.

Citta gutsure ɗaya. Kanumfari uku,
ta mayar da na huɗun cikin gwangwani.
Ta tace, ta juye a randa, ta rufe da faifai,
muka bar shi ya huce
tun azahar har aka kira magariba.

Da ta miƙo mini ƙoƙon, na kai shi gaban fitila.
Ja ne, amma jan da ya san duniya,
irin na fatar akuya da ta sha karan dafi
ta kwana uku a hannun dukawa.
A tsakiya duhu, ba ka ganin gindin ƙoƙo,
a gefe kaɗai haske ke samun hanya.

Na nemi mazarƙwaila. Ta harare ni.
"Ku gaisa tukuna."

Kurɓar farko ba ta yi sallama ba.
Tsami ya kama muƙamuƙina ta baya,
ya murɗe, har ido ɗaya ya rufe.
Na yi shiru. Shi ma ya sassauta.
Sai ga ƙanshin ƙasa, irin na yayyafin fari,
ga sanyin randa, ga ɗan hayaƙin kirya
da ya laɓe tun shekarar da aka shanya shi bayan murhu.
Citta ta bi maƙogwaro a hankali
kamar mai shiga gidan surukai.
Can, bayan na haɗiye, na fid da rai,
wani zaƙi da ba a zuba ba
ya taso daga tushen harshe, ya zauna.

"Haka Modi yake," in ji ta.
"Gaisuwarsa ɗaci, kyautarsa sai ka juya baya."

Shi ya shuka yakuwar nan a iyakar gero,
can Dundaye, gefen da ƙasa ke da tsakuwa,
shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri.
Gero ya ba da kunya, wake ya ƙi,
ita kuwa ta sha ƙishi, ta tattara kanta,
ta yi 'ya'ya kaɗan, kowane da nauyin magana.
Bai ga girbin baɗi ba.

Na ce a kasuwa ma akwai zoɓo,
mai ƙanƙara, a leda, naira ɗari.
Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
"Wancan yaro na, bai yi gemu ba.
Suga ka yi mai magana."

Da asuba ta zazzage gindin buhun a faifai.
Saura tafi ɗaya, da ƙura, da gurguzu bakwai.
Ta ƙulle gurguzun a tsumma, ta sa mini a aljihu.
"Shuka in ka so. Zai tsira.
Amma kar ka zo kana cigiyar wanga ɗanɗano,
iri kaɗai na ba ka,
shekarar ba ta hannuna."

Har na wuce Shuni a mota
harshena na nan da launinsa,
ban sayi ruwa ba.