Takardar Ƙosai

Ƙarfe huɗu da kwata nake tashi,
ba huɗu da rabi ba,
don motar Ketu ba ta jiran mai neman takalmi.
Nawa na bakin ƙofa tun daren jiya,
kuɗin mota a aljihun hagu, canji a na dama,
biro biyu, ko ɗaya zai mutu a hanya.

Ni ce Afiniki Dogara, mai rubuta kwanduna a Mil Sha Biyu.
Tumatirin Kadawa, tattasai, attarugu,
ba kwandon da ya sauka daga tirela
bai bi ta bakin alƙalamina ba.
Ko addu'ata layi-layi take:
Litinin 'ya'ya, Talata marasa lafiya,
Laraba ƙasa da masu riƙe da ita.
Na ɗauka haka Ubangiji ma yake riƙe da ni,
shafi ɗaya nawa, shafi ɗaya nasa,
in biya da azumi, ya yanka mini rasit.

Shekara bakwai Zumuntar Mata ta Obalende
ta rataya mini jaka.
Ko kwabo bai taɓa yin ciwon kai ba.

Sai wata Asabar cikin Yuli
ruwan Ikko ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.
Oshodi ta cika ta batse, ana turereniya a ƙofar danfo,
ni kuwa na kama lema da hannu biyu.
Da na samu kujera na laluba:
an tsaga jakar da reza, tsaf, kamar aikin tela.
Dubu ɗari biyu da arba'in, kuɗin marayu.
Littafin kaɗai ɓarawon ya bar mini,
lissafi daidai, kuɗi babu.

Daren nan ban yi kuka ba. Jadawali na zana:
dubu ashirin duk wata, wata goma sha biyu,
a cire nama, a cire kifi, a sayar da keken ɗinki.
Na ja layi da rula.
Addu'a kam ban yi ba,
ban san ranar da ake sa irin wannan ba.

Ran Alhamis na miƙe a gaban mata,
takarda na rawa, na fara karanta wata na ɗaya.
Mama Kande, matar marigayi saja,
wadda ba ta san ko bihim ba a boko,
ta dogaro sandarta, ta karɓi takardar a juye,
ta naɗe ƙosan da ta kawo a ciki,
ta danƙa mini da zafinsa.
"Ci, na ga tun safe ba ki sa komai a baki ba.
Wanda ya hau gicciye dominki,
kashi-kashi ya ce ki biya shi?"

Sai aka shiga kwance bakin zane.
Ɗari biyar mai ƙarnin kifi, dubu mai danshin gumi,
ba wadda ta faɗi suna.
Hannuna ya tafi neman biro da kansa,
Rifkatu ta riƙe shi,
ta riƙe har aka ce amin.

Har yau huɗu da kwata nake tashi.
Biro biyu na nan, rula na nan,
wanda ya jera taurari ba ya ƙyamar mai son layi.
Sun ɗinke jakar, sun mayar mini a kafaɗa.
Amma a bayan littafin akwai takarda mai maiƙo,
lambobina sun narke a cikin man gyaɗa,
kuma ban sake kwafe su ba.

Jiya Habila ɗan dako ya zame a taɓo,
kwando guda ya kife, ja ya malala har kwata.
Yaron ya tsaya yana kallon alƙalamina.
Dole kwandon ya shiga littafi,
ni ba mai ɓoye lamba ba ce.
Na rubuta shi a gaban sunana,
na ce, tashi mu tsince na tsincewa.